Buhun Kawu Yero

Azumin bana ya faɗo cikin sanyi,
Kamar na shekarar da aka yi mini kaciya.
Talatin da uku wata ya yi yana kewaya
Kafin ya dawo ya same ni a Babban Dodo,
Ina taka keke, ɗari na cizon tafin ƙafa.

Ran goma ga wata na shiga ɗakin Kawu Yero,
Almakashi nake nema, ban gan shi ba.
Buhu na gani a bayan randa,
Bakinsa ɗaure da igiyar rama,
Ƙullin nasa ne, na san hannunsa.
Gemun auduga, ɓera ya ci gefe guda,
Tabarau na kara, ido ɗaya ya ɓalle,
Ƙusumbin tsumma,
Da ƙwarya mai ɗinki uku a baki.

Na kira Jafaru, na ce zo ka gani.
Ya leƙa, ya ce, "Baba, in kai bola?"
Allura ta sha sukata a yatsa,
Ba ta taɓa shiga kamar wannan ba.

Da aka sallame asham na zaunar da shi.
Zuma ta yi tsada, da ƙaro muka manna gemu,
Toka a gira, toka a ƙeya.
Basiru ya zo da gwangwanin madara,
Lantana ta ce ba za a bar ta ba,
Ta ɗauke hulata, ta ja gashin baki da gawayi,
Ta ce yau ita ce mai unguwa.

Gidan farko ana kallon ƙwallo, ba a ji mu ba.
Na biyu aka ce Allah ya ba da haƙuri,
Sun ɗauka bara muka zo.
A Kwarbai 'yan sintiri suka dalle mu da tocila,
Babbansu ya daka tsawa, ya matso,
Ya dubi tabarau, ya dubi doro,
Sai gorarsa ta sauka a hankali.
Ya ce, "Ni ma na taɓa ɗaura wannan,"
Ya jefa hamsin a ƙwarya, ya juya da sauri.

Gwaggo Kulu muka samu a bakin kasko,
Garwashi ya fara rufe ido.
Jafaru ya duƙa, ya yi tari, ya ja ƙafa.
Ta ce, "Tsaya. Ba haka ba ne.
Yero ba ya tari sai ya dafe ƙugu,
Sannan ya hau neman sandarsa
Alhali tana hannunsa."
Matar da tun damina sai an kama ta,
Ta miƙe, ta karɓe sandar,
Ta yi mana mijinta a tsakar gida
Har Lantana ta goge gashin bakinta da hawayen dariya.

Sannan ta shafa gemun, ta yi shiru.
"Audugar gonarmu ce ta Dakace.
Ni na gurje ta, lalle bai bar hannuna ba."
Ta shiga ɗaki, ta fito da gero,
Ta ce tashe ba a biyansa da takarda.

Jafaru ya ƙi a cire masa gemu,
Da shi ya kwana.
Da sahur na ji tari a bayan ƙyaure,
Na san ya dafe ƙugu tukuna.

Yau da hantsi yara bakwai a ƙofar shago,
Wannan gemu, wancan ƙaho, ƙaramin wutsiya yake so.
Ga shaddar mutane jibge har rufi,
Salla saura kwana goma sha tara.
Na ture ta gefe, na jawo tsumma.
Alhaji Ɗalhatu, ka yi haƙuri,
Rigarka sai jajibere.