A Sakaya Sunana

Rumfata tana bakin tashar Bajoga,
janareta ɗaya, soket arba'in,
wayoyin matafiya a jere kamar kifi a faranti.
Ni ba ɗan jarida ba ne,
wuta nake sayarwa, naira ɗari a cika.

Ran Talata Bappayo ya shigo ta hanyar gabas,
gilashin motarsa a tsage, idonsa jajir.
Ya ce an shiga Ruwan Tsamiya da daddare.
Na ce, ka gani?
Ya ce, hayaƙi na hango daga kan kwalta,
amma wata mai nono da na ɗauko
ta ƙirga takalma bakwai a bakin rijiya,
babu masu su.

Takalma bakwai.
Ban tambaya ba ko wari-wari ne.

Kafin azahar Sambo ya kira daga Gombe,
mai aika wa gidan rediyo rahoto,
wanda yakan turo mini kati in na amsa masa waya.
Hanya a rufe, in ji shi, ba a bari a wuce,
edita na tsaye a kaina, me ka ji?
Na ce, bakwai.
Ya ce, aƙalla?
Na ce, to, aƙalla.
Ya ce, kana kusa da wurin?
Na dubi inda kwalta ta nutse cikin gonakin dawa,
na ce, ba nisa.

Da magariba muryata ta fito a akwatin mai shayi,
an kaurara ta don kada a gane ni:
wani ganau da ya nemi a sakaya sunansa.
Ganau!
Ni da na wuni ban ga komai ba
sai jar fitilar caja tana komawa koriya.

Wata tashar ta ce goma sha bakwai.
Kakakin hukuma ya ce ko kaza ba a rasa ba.
Kafin isha'i wayoyin rumfata
suna ta miƙa wa juna hoton gari yana ci da wuta,
gari mai itatuwan kwakwa
da ba su taɓa tsira a ƙasarmu ba.

Da safe Bappayo ya zo shan shayi:
ka ji ko? Abin da na faɗa maka,
har rediyo ta tabbatar.
Na buɗe baki, na mayar na rufe.
Zancen da na tura Gombe ba ko wando
ya dawo da babbar riga,
har wanda ya haife shi yana durƙusa masa.

Sai Adda Yelwa,
da 'yar wayarta da aka ɗaure da roba.
Ɗanta Jungudo yana ɗinki a Ruwan Tsamiya.
Kwana uku tana kan bencina,
ba ta yarda cajin ya ragu ko da layi guda.
Ta ce, yaro, kai da wayoyin duniya ke kwana a hannunka,
wannan ganau ɗin, ka san shi?
Abu ɗaya zan tambaye shi:
cikin bakwai ɗin, akwai mai ɗingishi?

Ban karɓi ɗarinta ba.
Iyakar gaskiyar da na iya ke nan.

Ran Juma'a aka buɗe hanya.
Masu zuwa suka zo da ƙullin kaya a ka,
wannan ya ce uku, wancan ya ce tara,
wani ya ce shi gudu ya yi, bai tsaya lissafi ba.
Mai nono ba a sake ganinta ba.
Wayar Jungudo har yanzu a kashe.

Sambo ya sake kira: akwai sabo?
Na ce, yau na gani da idona.
Wata tsohuwa ce a kan benci,
ta ƙura wa waya ido, shayinta ya huce.
Ya ce, wannan ba labari ba ne. Mutum nawa?
Na ce, ɗaya.
Na ƙirga da kaina.
Ka sa sunana: Gidado, mai caji.