Ƙashin Mota

A shagon Nalado, bayan layin dogo a Agege,
akwai motar da ba ta fi takalmina tsawo ba,
rimot ne direbanta.
Ya tuɓe mata riga, ya cire tayoyi huɗu,
saura faranti baƙi, siriri kamar bangon littafi.
"Wannan ne motar," in ji shi. "Sauran kwalliya ce."

Bara da alminiyam ya shiga tsere a Surulere.
Ƙarfen ya ƙi rusunawa a kwana,
ya zame, ya sumbaci bango,
ya lanƙwashe, har yau bai miƙe ba.
Ga shi can rataye kusa da kalanda.

Yanzu kabon ne.
Ya murɗa shi tsakanin yatsu,
ya ɗan ba da kai, ya dawo.
Ya kwantar da batir ƙasa-ƙasa,
ya zare noti biyu a tsakiya
don ƙugu ya sami wurin numfashi
kan kwaltar da ruwan Ikko ya gwaigwaye.

Na ce, ba ka tsoron ya karye?
Bai ɗago ba. Janareton maƙwabci na ta tari.
"Gora ta fi ice jure iska.
Miƙo min sukurdireban can, ƙaramin."