Akwatin Bakin Ƙofa

Ni ke riƙe da littafin lissafi
A gidan zuhudu na kan tudun Sagaing,
Shekara tara, bai taɓa fita daidai ba.

Daw Nandawati, mai askakken kai,
Mayafi ruwan hoda, ya koɗe a kafaɗa,
Tana koya wa mutane zama shiru,
Su bi numfashi, shigarsa da fitarsa,
Ba ta taɓa yanka wa kowa farashi ba.

Ran Laraba na buɗe akwatin bakin ƙofa:
Kyat dubu shida, maɓalli ɗaya,
Da 'yar takarda mai cewa an gode.
Kamfanin lantarki bai san godiya ba.

Na ce, "Rufi na yoyo, haƙorinki na ciwo.
Can gindin tudu an buɗe wata cibiya,
Kwana goma, dala ɗari uku,
Baƙi na layi, ba su yi ƙorafi ba."

Ta ce, "U Kyaw Tint, ni saye na yi?
Tsohuwar da ta koya mini a Monywa
Ko allura ba ta nema.
In na sa kuɗi, sai in fara auna baki,
In rage ɗaci don kar ciniki ya gudu.
Ma Pyone mai gyaɗa fa,
Da kogin Ayeyarwady ya ci ɗanta,
In ce mata kuɗinta bai kai ba?"

Na ce, "Mai koyarwa ma ciki gare ta.
Ana biyan mai fito, kogi bai ƙazantu.
Ma Sanda, wadda kika fi sa wa rai,
Ta koma keken ɗinki a Mandalay,
Don shiru bai ciyar da gyatumarta ba."

Sunan ya soke ta. Ta sunkuyar da kai.
Wannan shirun ba na darasi ne ba.

Da dare ruwa ya sauko.
Na tarar ta jera tasoshi huɗu,
Ta dafe kunci, tana sauraron ɗigo,
Ba ta ce in tafi ba, ba ta ce in zauna ba.

Da hantsi Ma Pyone ta hauro tudu,
Falle ɗaya na kwanon rufi bisa kai,
Tsoho, mai tsatsa, zai toshe rami biyu.
Na buɗe littafi, na riƙe alƙalami.
Kyauta ce? Ko ladan koyarwa?
Har tawada ta bushe ban rubuta ba.