Baƙuwa a Farfajiyar Duwan

Ta tsallako teku ba ta jiƙe ba.
Ta kwana Duwala, ta hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere,
ta iso Garwa goye a bayan tirela,
fara sol, kujerunta cikin leda.
Na ce, wahala ta ƙare.
Hamajoda, mai bin takardun fito,
ya yi dariya har hularsa ta karkace:
"Ilu, ƙarfe ka saya.
Yanzu za ka sayi izinin cewa naka ne."

Na miƙa rasiɗin da Lawwali ya aiko daga Dubai.
Ɗan duwan ya dube shi da wutsiyar ido,
ya ce farashin can na can ne, nan akwai littafi.
Ya ƙirga dawakin da ke cikin injin,
goma sha ɗaya, in ji shi,
ni ko haniniyar guda ban ji ba.
Ya aza kuɗin fito,
ya aza haraji a kan fiton,
ya aza wani a kan harajin,
kamar mai jera ƙore a kan 'yar tallar nono.
Da ya juyo mini takardar
sai ga rabin wata mota a rubuce,
wadda ba ta da taya, ba ta da ƙofa,
kuma ita zan fara biya.

Bijimaina biyu suka tafi kasuwar Pitowa ran Lahadi,
ba su dawo ba.
Ladiyo ta kwance bakin zani,
ta zube kwasar adashinta a kan tabarma,
ba ta ce uffan ba,
shirun nan ma bashi ne.

Kullum da hantsi mai babur kan sauke ni bakin waya,
in tsaya ina leƙenta kamar mai zance.
Tana tsaye, tana cin kuɗin ajiya,
ba ta motsa ba, amma lissafi na tafiya.
Ƙura ta rufe ta, wani yaro ya sa yatsa ya zana kifi.
Kazar mai gadi ta saka ƙwai a ƙarƙashinta,
ta ƙyanƙyashe bakwai.
Sun riga ni shan inuwar abin da na saya.

Da duwan ta sake ta, sai rajista ta kama.
Can Dubai sun rubuta ni da lam ɗaya,
katin ɗan ƙasa yana da biyu.
Matar da ke bayan taga ta ce mutum biyu ne.
Na ce, ai ga ni tsaye.
Ta ce tsayuwa ba takarda ba ce.
Sati uku na yi ina neman kaina:
shaidu biyu, tambur na jaka, hatimi,
kafin hukuma ta yarda
cewa ɗan da Inna ta haifa a Hausare ni ne.

Inshora.
Kuɗin hanya.
Suka gwada birkin motar da ba ta taɓa gudu ba,
na biya, ta ci jarrabawa.

Ran Laraba aka ɗaura mata lamba,
na ji kamar ranar suna, sai dai an riga an cinye ragon.
Allurar mai tana kwance,
aljihuna ma haka.
Kwalba ɗaya ta zuwa-zuwa na saya bakin titi,
na tuƙa a hankali, Ladiyo a gefe
tana shafa ledar da ta hana a cire.

Bakin gadar Binuwai usur ya tashi.
Na miƙa wa jandarma damin takardu
da alfaharin manomi ran girbi.
Ya ƙirga su ɗaya ɗaya, bai ga giɓi ba.
Ya zagaya ta, ya shafa kifin yaron nan,
ya sunkuyo ta taga:
"Alhaji, ina tukunyar kashe gobara?"