Tafi Ɗaya na Mai-gemu

Shekarar da cuta ta sauka fadamar Auyo
ba ta yi sallama ba.
Da fari ɗigo ne a ganye, kamar idon tarwaɗa.
Kafin kasuwa ta ci sau biyu
ta shaƙe wuyan zangarniya,
ta bar ta tsaye, fara fat, ba nauyi.
Na murza, sai ƙaiƙayi.
Kwami arba'in, bashin taki buhu shida,
na zauna a bakin gona ina lissafi da tsinke.

Can kusurwa, inda kacala ke cin iyaka,
kwami ɗaya ya ƙi mutuwa.
Na Gwaggo Ladingo ne.
Mai-gemu take shukawa, jar shinkafar kakanni,
doguwa, raguwa, iska kaɗan ta kwanta,
ba ta cika buhu, ba ta farin jini a kasuwa.
Mun sha yi mata dariya.
Ga ta shar, kamar ba a garin ake makoki ba.

Sai ga wata da takalmin roba har gwiwa,
Shamsiyya, 'yar Kafin Hausa, daga cibiyar bincike.
Ta durƙusa ta gai da Gwaggo,
ta roƙi tafi ɗaya.
Gwaggo ta ce, “Tuwo za ki yi da tafi ɗaya?”
Ta ce, “Aure zan ɗaura.”

Ta ce kowace ƙwaya da rubutu a cikinta,
siriri, ido bai isa ya gan shi ba,
gadon uwa da uba, layi bisa layi.
Cikin na Mai-gemu akwai layi guda
da ke sa wa cuta sakata.
Shi take so ta kai ɗakin fara mai yawan haihuwa,
ta baro gemun, ta baro ragwancin.
Gwaggo ta ce, “Wa ya taɓa auren hali ɗaya
ya bar sauran mutum a gidansu?”
Amma ta buɗe tulu.

Na je na gani sau ɗaya.
Hantsaki a hannunta, tana buɗe fure da sassafe,
numfashi ma a hankali take yinsa.
'Ya'ya dubu a jere, kowane da lamba a wuya,
a yanki bakin ganye, na'ura ta karanta:
wannan ya gaji sakata, wancan bai gada ba.
A zaɓa, a sake haɗawa, a jira.
Damina bakwai.
Ni da nake cewa noma ne kaɗai ke cin haƙuri.

A ta biyar muka kai Gwaggo makwanci.

Irin ya dawo cikin farar jaka,
sunansa haruffa uku da lamba,
ba mai iya kiransa a majalisa.
Muka dasa.
Cuta ta zo a kan lokacinta, kamar mai bin bashi,
ta lasa ganye, ta tsaya, ta wuce gonar gaba.
Ran yanka, lauje ya yi nauyi a hannuna.
Gajera ce, fara, ba gemu ko ɗaya,
amma da matata ta turara ta
na ji wani ƙamshi daga nesa,
na fita waje don kada yara su ga idona.

Shamsiyya ba ta yarda mu yi guɗa da yawa ba.
Ta ce cuta ma ɗaliba ce,
tana zaune bakin ƙofa tana koyon sakata.
Wata rana za a sake neman wani layin.

Don haka tulun yana nan a ɗakin Gwaggo,
toka a baki, tsumma a wuya.
Duk shekara ina ba Mai-gemu kwaminta na kusurwa,
ta yi tsawo, ta kwanta abinta.
Masu wucewa su ce, “Tanimu, har yanzu?”
In ce, “Ladingo ce.
Ba a korar uwar amarya.”