Gyara

A shagon intanet na Hamajoda, bayan tashar Garwa,
awa ɗaya sefa ɗari uku,
fanka na juyi kamar mai gyangyaɗi.
Na cike suna, na cike ranar haihuwa,
na ɗora sakamakon jarrabawa, na ɗora hoto,
wanda kunnena na hagu ya fi na dama fitowa.
Dogon rubutun da jami'a ta ce wajibi ne,
na gama shi tun Talata.

Sai ga wani akwati can ƙasa, fari fat:
"In kana da ƙarin bayani, rubuta. Ba dole ba ne."

Ba dole ba ne.
Haka ake ce wa baƙo in an ajiye kwano,
a koma gefe ana satar kallon hannunsa.

Malam Wakili mai koyar da lissafi ya ce,
"Cika shi, yaro! Mutum dubu ke kan layi,
kai kuma ka tsaya jin kunya?"
Kawu Barau tela, allura a leɓe, ya ce,
"Rigar da ta zauna a jiki, wa ke ƙara mata yadi?
Baki shi ke yanka wuya."

Ran Laraba na gwada.
Na kwaso manyan kalmomi daga ƙamus,
na zama mai kishin al'umma, fitilar gobe.
Da na karanta sai na ji muryar ɗan takara a rediyo.
Na goge. Sefa ɗari uku ta tafi.

Da yamma na iske Inna a gindin gada,
tana kore ƙuda daga kan bandar kifi.
Ba ta taɓa ganin ƙofar jami'a ba,
amma na faɗa mata. Ta yi shiru, ta ce,
"Au, gyara suke nema?"
Ta tura wani tuli gaba, ta gyara zama.
"Gyara daga kayanka yake fita,
ba a aro shi a tiren maƙwabciya,
ba a cusa ruɓaɓɓe a ciki.
Mai saye kan manta abin da ya biya,
ya riƙe warin abin da ka ƙara masa.
In ba ka da mai kyau, ƙulle leda,
ka ce Allah ya amfana."

Daren nan ban yi barci da wuri ba.
Akwai shekara guda a takarduna mai ɗingishi:
lissafi, shida cikin ashirin; maimaita aji.
Takarda ba ta san shekarar ce idon Baba ya rufe ba,
ni na karɓi kwalekwale,
ina haye da buhunan albasa kafin kiran asuba,
ina karanta fuskar Binuwai cikin duhu,
nan yashi, nan zurfi, can kunnen dorina,
sannan in isa aji da jiƙaƙƙen wando
in yi barci a kan alkalami.
Tun daga lokacin nake son in san ruwa da lamba,
ba da tafin hannu kaɗai ba.

Ran Juma'a na rubuta wannan, layi bakwai.
Wuta ta ɗauke a na biyar.
Hamajoda ya ja igiyar janareta sau huɗu yana tsaki,
allo ya dawo, saura minti sha biyu.
Sun yarda da kalma ɗari uku,
na ba su sittin da 'yan kai,
sauran na bar musu farinsu.

A kujerar kusa da ni, Gambo 'yar ajinmu
ta tsallake akwatin ko kallo babu.
"Ni tulina ya cika," in ji ta.
Muka aika kusan tare.

Amsa sai watan takwas, aka ce.
Lokacin kogi ya kawo,
ina da aiki.