Littafin 'Yan Shebur

A ƙasan adakar kakana, ƙarƙashin rasit na haraji,
na tarar da littafi mai shuɗin bango.
Gara ta ci gefe ta bar tsakiya,
ita ma ta san abin girmamawa.

"Ƙungiyar 'Yan Shebur, Dilimi, Jos."
Rubutun Tanimu ne, mai karkata hagu
kamar tafiyarsa da ya tsufa.
Shi ne magatakarda, shi ne ma'aji,
shi ne kuma mai ɗauko ruwa.

Shafin farko: wani Bature ɗan Ostireliya,
lebura suka raɗa masa Jan Wuya,
ya zo haƙar kuza da ƙwallo a akwati,
doguwa, sai ka ce gwanda,
in ta dira ƙasa ba ta shawara da kowa.

Sanduna huɗu gabas, huɗu yamma,
ba raga, ba mai tsaron gida.
A cafe a sama, a nausa da dunƙule,
a taka gadon bayan aboki a tashi,
a sauko a ba shi haƙuri da gaisuwa.

Ga sunaye a jere, sisi-sisi a gabansu:
Gyang Dogo, mai tsinko ta kamar mangwaro,
Baƙo Ɗan Ningi, Davou, Nanle,
Okoro Tela da ya ɗinka riguna
da buhun fulawa, aka rina su da baba.
Gaban sunan Ilu an sa: "Bai biya ba."
Wata na gaba: "Bai biya ba."
Shekara bakwai Ilu bai biya ba,
amma shi ya ci Barikin Ladi
ana ruwa ana tsawa.

Jan Wuya ya koma ƙasarsu, ya bar ta.
Baduku ya ɗinke ta sau goma sha ɗaya,
kakana ya ƙirga, har kuɗin zare.
Ranar da ta yi fashewar ƙarshe
suka zauna jugum a bakin ramin haƙa.
Aka sayo mai zagaye a kantin Kwara,
aka tuge sanduna, aka gicciya ɗaya a sama.
"Mun koma wasan kowa," in ji shafin,
"ba daɗi, amma akwai abokan karawa."

Daga nan tawada ta soma sirancewa.
Okoro ya hau jirgin ƙasa da dare
a shekarar da gari ya rikice, ba sallama.
Kakana bai soke sunansa ba,
ya riƙa zuba masa sisi daga aljihu
har sisi ya daina zama kuɗi a kasuwa.

Kamfani ya rufe.
Gyang ya koma noman dankali.
Baƙo, tari ya tafi da shi.
Yaran unguwa suka bi manyan kulob na cikin gari,
masu takalma da motar kaiwa.

Shafin ƙarshe layi huɗu ne:
"Taro. Mun zo mu uku.
Ba a yi wasa ba.
Saura a asusu naira biyu da kwabo arba'in.
An sayi goro, an yi rabawa."

Jiya na je neman filin.
Inji kan inji, tayoyi, baƙin mai,
wani yaro ya tare ni: "Alhaji, wace mota?"
Na ce sanda nake nema. Ya yi dariya.
Can bayan rumfar mai walda
ƙarfe ɗaya na tsaye, ya yi tsatsa,
an ɗaura masa wayar janareta,
wani kare na kwance a 'yar inuwa.

Na buɗe littafin a kan bonet,
na ciro biro, na nemo sunan Ilu,
kuɗinsa duka bai kai na ruwan leda ba.
Har na ɗora hannu, sai na fasa.
Na bar masa bashinsa yadda yake:
muddin akwai wanda ƙungiya ke bi,
littafi bai kai ga rufewa.